Tsakanin Tsani da Littafi: Me Manhaja Za Ta Yi wa Mai Wayarin na Birchi?

Yau za mu ɗan huta da zancen siyasa da na yajin aiki, mu leƙa wata sana'a wadda kowane gida ke buƙatarta amma ba kasafai ake rubutu a kanta ba, wato sana'ar haɗa wutar lantarki, wadda muka fi sani da wayarin. Abin da ya ja hankalina gare ta wata tambaya ce da aka yi mini a tsakar gidanmu, wadda na kasa amsawa nan take duk da takardun da nake taƙama da su.

A hutun ƙarshen zangon da ya gabata na je gida Birchi, a ƙaramar hukumar Kurfi, domin in sa wa mahaifiyata sola. Tsufa ya kama ta, zafin bazara kuma ba ya raga mata, wutar gwamnati kuwa ta zama baƙuwa mai zuwa ba sallama, ta tafi ba ban-kwana. Wanda na kira ya yi aikin abokina ne tun muna firamare. Zan sakaya sunansa, in kira shi da abin da yaransa ke kiransa, wato Oga. Lokacin da muka wuce jami'a, shi Kano ya nufa ya koyi wayarin a hannun wani ubangida a Sabon Gari. Ya dawo gida da sana'a a hannu, kuma da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutsinma a 2011, gidajen hayar ɗalibai suka riƙa tsirowa, sai kasuwarsa ta buɗe. Daga Dutsinma zuwa Kurfi, daga Wurma zuwa Tsauri, da wuya ka ambaci sunansa a ce ba a san shi ba.

A kwana biyu ya gama aikin, tsaf, babu waya ko ɗaya da ke reto. Da muka zauna lissafi sai ya zaro wata 'yar takarda da aka yago daga buhun siminti, a jikinta ya rubuta ƙiyasin kayan. Cikin raha na tambaye shi nawa ya ci riba a kaina. Ya yi dariya, daga baya dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Wallahi Dakta, ban sani ba. Shekara ashirin ina hawa tsani, kuɗi na shigowa, amma in ka ce in nuna maka inda suke zuwa, ka ɗaure ni." Daga nan ya miƙo mini wayarsa. Babban ɗansa ne ya nuna masa tallar wata manhaja ta ƙasar waje da aka ce tana tafiyar da kamfanin masu aikin lantarki daga sama har ƙasa, tana kuma ninka riba. Ya ce, "Kai ne ɗan boko. In na sayi wannan, za ta gyara mini?"

Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Amsar da na kai gare ta bayan na yi nazari ita ce nake so in baje a nan, domin na tabbata akwai irin Oga da yawa a Katsina da Kano da Zariya da Maraɗi, masu hannu mai albarka da aljihu mai huji.

Mu fara da yi wa manhajar adalci. Irin waɗannan manhajoji ba yaudara ba ne. Aikinsu shi ne su haɗa abubuwan da ɗan kwangila ke riƙewa a ka, su ajiye su wuri ɗaya. Suna ɗauke da jerin kaya da farashinsu, ta yadda in ka ce gida mai ɗaki huɗu ne, da soket kaza da ƙwan fitila kaza, za su fitar maka da ƙiyasi a rubuce. Suna tsara wane yaro zai je wane aiki a wace rana. Suna ƙirga kayan da suka fita daga shago da waɗanda suka dawo. Suna fitar da takardar biya da rasit, su tuna maka wanda bai cika maka kuɗinka ba. Mafi muhimmanci, a ƙarshen kowane aiki suna ɗora abin da aka kashe a kan abin da aka karɓa, su gaya maka ko ka ci ko an ci ka.

Ɗaya daga cikin mafiya girma a cikinsu ita ce ServiceTitan ta Amurka, wadda wasu matasa biyu 'yan asalin Armeniya, Ara Mahdessian da Vahe Kuzoyan, suka ƙirƙira. Iyayensu maza 'yan kwangilar aikin hannu ne, kuma sun tashi suna ganinsu suna fama da tarin takardu da dare bayan wahalar yini. A watan Disamba na 2024 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Akwai kuma Jobber ta Kanada da Simpro ta Ostireliya. Abin lura a tarihin ServiceTitan shi ne, ba daga ofis aka hango matsalar ba, daga cikin gida aka gan ta. Sun ɗinka rigar ne daidai jikin iyayensu. Tambayar ita ce ko za ta shiga jikin mutumin Birchi.

Waɗannan manhajoji an gina su a kan wasu abubuwa da masu su ke ɗauka kamar iskar shaƙa. Suna zaton kowane gida yana da lamba da sunan titi, alhali mu kwatancenmu shi ne bayan masallacin Juma'a, kusa da bishiyar ɗorawa. Suna zaton ana biyan ma'aikaci gwargwadon awoyin da ya yi, alhali yaran Oga almajiran sana'a ne, abin da ake ba su kuɗin abinci ne da ɗan ihsani in aiki ya yi kyau. Suna zaton mai gida zai biya da kati ranar da aka gama aiki. Ana biyan kuɗinsu da dala duk wata, suna magana da Turanci, kuma yawancinsu sai da intanet suke numfashi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Kurfi da Dutsinma na ciki, aka kwashe watanni ana hawa mota a je wani gari domin kiran waya. Wanda duk lissafinsa ke ajiye a wata kwamfuta a Amurka, da a lokacin nan ya zama baƙo a cikin kasuwancinsa.

Sai dai ko da an kawar da duk waɗannan, akwai abin da ya fi su nauyi. Manhaja ba ta ƙirƙirar lissafi. Abin da ka zuba mata shi take dafawa. Da na zauna da Oga yini guda muna bin ayyukansa na baya ɗaya bayan ɗaya, sai na gano ramuka huɗu da kuɗinsa ke zurarewa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da kwamfuta za ta toshe in shi bai fara sa hannu ba.

Rami na farko shi ne aljihu ɗaya. Kuɗin kafin alƙalami da mai gida ya bayar a sayo kaya, da ladan aiki, da kuɗin cefane, duk a wuri guda suke kwana. In aka yi rasuwa ko suna a dangi, daga nan za a ɗiba. In lokacin sayo kayan ya yi, kuɗin sun yi giɓi, sai a jira kafin alƙalamin wani sabon aiki a cike da shi. Haka ake tafiya, kuɗin Audu na gama aikin Garba, na Garba na jiran na Tanko. Muddin sababbin ayyuka na shigowa, asiri a rufe yake. Ranar da kasuwa ta tsaya, a ranar ake gane cewa mutumin da ake ganin ya fi kowa aiki bashi ne ya yi masa katutu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutanenmu suka rungumi tura kuɗi ta waya, amma asusun bankin ma sai ya zama wani sabon aljihu ɗaya, inda kuɗin kebul da kuɗin makarantar yara ke cuɗanya.

Rami na biyu shi ne ƙiyasin da ba shi da wa'adi. Wayar lantarki jan ƙarfe ce, jan ƙarfe kuwa da dala ake yanka farashinsa a kasuwar ƙarafa ta Landan. Batir da inbata da farantan sola mafi yawansu daga waje ake shigo da su. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. A tsakanin nan kuma an cire tallafin man fetur, kuɗin ɗauko kaya daga Kano ko daga Alaba ta Legas ya tashi. Amma ɗan wayarin yana nan yana ba da farashi da baki, mai gida ya riƙe shi a ka, ya dawo bayan wata huɗu in ya sayar da amfanin gona ya ce, "Ai haka muka yi da kai."

Bari in buga misali da lissafi mai sauƙi. A ɗauka an yi jinga a kan naira 1,000,000, kaya na 750,000, ladan aiki 250,000. In kafin a fara aiki kaya suka tashi da kashi 20 cikin 100, an ƙara 150,000 ke nan. Ladan ya koma 100,000, kuma a ciki za a ciyar da yara, a sha mai, a sayi abin da aka manta. Mutum zai yi mako biyu yana fasa bango, ya tashi da gajiya kawai. Jimla ɗaya a ƙasan takarda, wadda ke cewa wannan farashi na kwana 7 ne, da ta tsare masa guminsa.

Rami na uku shi ne "ɗan ƙara mini". Ana cikin aiki uwargida za ta ce a ɗan ƙara soket a kicin, mai gida ya ce a ɗan ja wuta zuwa zaure, a ɗan sa fitila a bayan gida. Kowane "ɗan" yana cin waya da bututu da lokaci, amma kunya ba ta barin a ce a sake lissafi. Rami na huɗu kuwa shi ne bashin da ba a rubuta ba. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, to amma na ɗan wayarin ya fi muni, domin kayansa sun riga sun shige cikin bango, ba zai iya zuwa ya kwance su ba. Cikon da ya rage a hannun mai gida yakan zama sai an ga hali, shekara ta zagayo, kowa ya tuna adadin da ya fi masa daɗi. Abin mamaki shi ne, mu ne al'ummar da ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu. Mun haddace ta, muna karanta ta a sallar asham, amma in aka ce a rubuta sai mu ce, "Haba, ba ka yarda da ni ba ne?"

Mai karatu zai iya cewa wannan matsalar Oga ce da iyalinsa, me ya shafe ni? Ya shafe ka, domin asarar da ɗan wayarin ya yi ba ta tsayawa a aljihunsa, cikin bangon ɗakinka take komawa. A ƙa'idar aiki, layin fitilu yana ɗaukar waya mai kaurin 1.5, na soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da abin dafa ruwa kuwa suna buƙatar wadda ta fi haka kauri. In mutum ya ga jinga ta juya masa baya, wurin da zai rage asara ba tare da an gani ba shi ne wurin da ido ba ya kaiwa. Sai ya sa 1.5 inda ya kamata a sa 2.5, ko ya sayo wayar da aka yi wa fentin jan ƙarfe a sama alhali cikinta wani ƙarfe ne mai araha, ko ya tsallake wayar ƙasa wadda ke kare mutum daga jan wuta. Siririyar waya in aka ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robar jikinta ta narke a hankali, wata rana cikin dare ta yi tartsatsi a cikin silin.

Duk lokacin da gobara ta tashi a gida ko a kasuwa, abin da bakin mutane ke fara kamawa shi ne wutar lantarki. Waɗanda suka ga abin da gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021 ta bari, sun san cewa dukiyar shekaru talatin ba ta buƙatar fiye da safiya ɗaya ta zama toka. Ba ina wanke mai ha'inci ba ne, ha'inci ha'inci ne. Abin da nake cewa shi ne, da yawa daga masu rage kaurin waya ba da niyyar cuta suka fito daga gida ba. Lissafi ne ya kuɓuce musu, suka nemi mafita a inda bai kamata ba. Saboda haka littafin lissafin ɗan wayarin yana cikin kayan kariya daga gobara, kamar yadda fis yake.

Akwai kuma maganar girma. Oga ya yi mini ƙorafin da na sha ji daga bakin masu sana'a, cewa in babban aiki ya zo yankinmu, na makaranta ko na asibiti ko fitilun titi, sai a ba wani kamfani daga nesa, shi kuma kamfanin ya zo ya ɗauke su aikin yini, su yi wahalar, ya kwashe romon. Ba na musun akwai sanayya da siyasa a harkar kwangila. Amma ko da an cire su, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta gindaya sharuɗɗa ga mai neman aikin gwamnatin tarayya. Ana neman rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, da lissafin kamfani da akanta ya tantance, da shaidar ayyukan da aka taɓa yi. A ɓangaren lantarki kuma akwai hukumar NEMSA, wadda dokarta ta fito a 2015, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa. Duk waɗannan takardu 'ya'yan abu ɗaya ne, wato rubutaccen tarihi. Mutumin da ya haɗa wutar gidaje ɗari amma ba shi da rasit ko ɗaya, a idon kwamitin tantancewa bai taɓa riƙe filaya ba. Banki ma haka yake kallonsa in ya je neman jari.

Kuma dama tana ƙofa. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, yankinmu ya faɗa hannun KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da tsara ta. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Tsadar wuta da tsadar mai sun tura masu shaguna da masu sayar da ruwan sanyi da masu noman rani zuwa ga hasken rana. Wannan aiki ne na shekaru masu zuwa, kuma ba irin na sa-ka-tafi ba ne, domin batir yana da shekarun da yake yi, faranti yana son wanki, inbata tana son dubawa. Wanda ya rubuta ranar da ya sa wa kowane gida batir, shi zai san ranar da zai koma ya ƙwanƙwasa ƙofa kafin wani ya riga shi. A nan ne manhaja ke da amfani na gaske, domin ƙwaƙwalwar mutum ba za ta riƙe gida 200 da ranakunsu ba.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wasu na tsoron cewa rubutu da rajista gayyatar mai karɓar haraji ne. Gaskiya ne wanda ya fito fili za a gan shi, amma tun dokar kuɗi ta 2019 aka yafe wa ƙananan kamfanoni harajin ribar kamfani, kuma wanda ba shi da lissafi shi ne aka fi zalunta, domin in aka yanka masa adadi ba shi da abin da zai nuna ya musanta. Wasu kuma na ganin yawan ƙirga yana kore albarka. Ni dai ban san yadda mai dukiya zai fitar da zakka daidai ba in bai san abin da ya mallaka da abin da ake binsa ba. Fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja zuwa Kano ba su yi arziki da mantuwa ba.

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai Oga ne da kansa ya kawo ta. Ya ce, "Dakta, ka manta inda muke? In na rubuta sunan duk wanda ya ba ni miliyan biyu na sa masa sola, da kwatancen gidansa, aka tare ni a hanya aka karɓe wayar, me na yi wa mutanen nan?" Na yi shiru, domin wannan tambaya ba ta cikin littattafan da nake koyarwa. A yankin da masu garkuwa da mutane ke neman labarin wanda ke da hali, jerin abokan cinikin ɗan wayarin taswira ce. Duk manhajar da za ta yi aiki a nan dole ta kasance mai kulle mai ƙarfi, wadda za a iya sakaya suna da lamba a cikinta, a kuma goge ta daga nesa in waya ta ɓata. Wanda ya zauna a Kalifoniya ba zai yi wannan tunani ba, domin ba a taɓa tare shi a hanyar Dutsinma ba.

Wannan ya kawo ni kanmu, mu malaman jami'a, kuma ba zan cire kaina ba. Jihar Katsina tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Tarayya a Dutsinma, da Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Duk shekara ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta suna rubuta manhajoji a matsayin aikin kammala karatu, na lissafin kuɗi da na kasuwanci suna rubuta kundaye a kan ƙananan sana'o'i. Mu sa hannu, mu ba da maki, a jera su a kanta ƙura ta rufe. Sau nawa muka tura ɗalibi ya yi wata guda yana bin ɗan wayarin, yana riƙe masa tsani, ya ga yadda ake jinga da yadda ake bin ciko, kafin ya zauna gaban kwamfuta? Abin da ake buƙata ba gagarumi ba ne. Manhaja ce mai magana da Hausa, mai lissafi da naira, wadda ke aiki ko babu intanet, ta shiga ƙaramar waya mai araha, ta karɓi saƙon murya domin wanda rubutu ke yi wa nauyi, ta fitar da ƙiyasi mai wa'adi da rasit da za a tura ta WhatsApp, ta kuma bar mutum ya kwashe bayanansa duk ranar da ya ga dama. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar SMEDAN kafin ya hau mulki, ya kuma kafa hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta jiha. In ana neman inda za a sa kuɗin tallafi ya haihu, haɗa ƙungiyoyin masu wayarin da sassan kwamfuta na makarantun nan ya fi rabon kayan aiki da ake sayarwa washegari.

Kafin wannan ta samu, ga abin da na gaya wa Oga. Na ce kada ya sayi komai tukuna. Ya nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ba kowane aiki shafinsa, hagu abin da ya shigo, dama abin da ya fita, har kuɗin ruwan leda. Ya buɗe asusu na biyu wanda kuɗin aiki kaɗai ke shiga, ya yanka wa kansa albashi daga ciki kamar yadda zai yanka wa baƙo. Kowane ƙiyasi ya kasance a rubuce, da kwanan wata da wa'adi, da sunan kamfanin wayar da kaurinta, mai gida ya sa hannu. Duk ƙari a rubuta shi a ranar da aka nema. In ya yi wata uku a haka bai fasa ba, sai ɗansa ya kwashe shafukan ya zuba a Excel. In ya shekara, shi da kansa zai san irin manhajar da yake buƙata, ba mai talla ne zai gaya masa ba. Luca Pacioli, wanda ya wallafa tsarin lissafin shiga da fita a Benis a 1494, da alƙalami da tawada ya yi, kuma duk manhajojin da ake taƙama da su yau a kan wannan tsari suke tafiya.

Makon jiya ya kira ni. Wata ukun sun cika. Littafin ya nuna masa abin da bai zata ba. Manyan ayyukan gidajen haya da yake alfahari da su, biyu daga ciki faɗuwa ya yi. Ƙananan gyare-gyaren sola da yake rainawa, su ne ke ciyar da gidansa. Ya kuma haɗa cikon da yake bin mutane, ya ce da ya ga jimlar sai da ya tashi ya sha ruwa. Ba duka labarin ne mai daɗi ba. Wani attajiri da suka daɗe tare ya fusata da aka miƙa masa takarda ya sa hannu, ya ce a rage farashi ta hanyar sa siririyar waya, Oga ya ƙi, aikin ya koma hannun wani. Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce, "Da can da na karɓa, domin ban san faɗuwa zan yi ba. Yanzu na sani. Kuma in gidan nan ya kama, ba sunana za a kira ba."

Ban ce masa komai ba sai addu'a, domin na san abin da rasa babban aiki ke nufi ga mai iyali a wannan zamani. Amma ga masu gida irina ina da roƙo ɗaya. In ɗan wayarin ya miƙo maka takarda mai wa'adi, ya rubuta kaurin waya, ya ce ka sa hannu, kada ka ɗauka raini ne ko rashin yarda. Riƙe shi da kyau, ka biya shi cikonsa a kan lokaci, domin a ƙarƙashin aikinsa 'ya'yanka za su kwana.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.